Tarihin Saje Muntaka Uwaisu, Mai Fentin Jiragen Yaƙi

Haihuwa da nasaba

An haifi marigayi Muntaka Uwaisu a shekarar 1946 a Tsamiyar Kulu, wani ƙauye da ke ƙasar Makoda, arewa da birnin Kano, inda gona ke manne da gona har iyakar ganin ido. Mahaifinsa, Malam Uwaisu, manomi ne kuma marubucin Alƙur'ani, mahaifiyarsa Furera kuwa daga gidan marina ta fito. A zauren mahaifinsa ya koyi haɗa tawada da yi wa alluna zayyana.

Karatu da sana'a

Ya sauke Alƙur'ani a 1959, ya kuma yi aji huɗu a elementare ta Dambatta. A 1962 ya tafi Kano ya zauna a garejin wani Alhaji Kamilu a Fagge, inda ya shekara shida yana yi wa manyan motoci fenti da rubutu.

Aikin soja da aure

A 1968, lokacin yaƙin basasa, aka ɗauke shi a rundunar sojan sama, aka sa shi a sashen gyaran jirage saboda sana'arsa. Ya auri Hure, 'yar ƙanin mahaifinsa, a 1971, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa. Ya zama kofur a 1975.

Fentin ɓad da kama

A farkon 1984, cikin shekarun fari da tsadar abinci, aka umarci sashensa da ya fitar da launin da zai sa jirgin yaƙi ya saje da ƙasar Arewa idan an hango shi daga sama. Muntaka ya nemi hutun kwana uku ya koma gida. Ya tarar da danginsa suna cin tafasa da dusa, rumbuna babu komai. Ya bar musu abin da ya zo da shi, ya bi gonaki yana ɗibar jar ƙasa, da rairayi, da busasshen karan gero, da ganyen gawo, ya zuba a gwangwanaye. Da waɗannan ya gwada fenti har ya sami launi huɗu, aka shafa wa jirage shida.

A watan Oktoba na shekarar aka fara babban atisaye a sararin arewacin Kano. A ranar farko jiragen shida suka bi ƙasa-ƙasa, masu sa ido da ke can samansu suka kasa ƙirga ko biyu daga ciki. A ranar aka yi wa Muntaka albishir da muƙamin saje.

Ɓatan jirgin Laftanar Basiru

Ranar Talata, 16 ga Oktoba, jirage shida suka tashi da hantsi, biyar suka dawo. Wanda bai dawo ba na Laftanar Basiru Hadi ne, matuƙi ɗan shekara ashirin da bakwai, mutumin Rimin Gado. Bincike ya nuna daga baya cewa ungulu ce ta faɗa cikin injin ya mutu, matuƙin ya lallaɓa jirgin ya saukar da shi a kan cikinsa a wani busasshen kwari, ba tare da gobara ba. Da a wata shekara ce, da mutane sun kewaye wurin cikin sa'a guda, amma a wannan shekara yunwa ta kori mazauna unguwannin da ke kusa, an bar gidaje a rufe.

Kwana huɗu jirgi mai saukar ungulu yana shawagi ba a ga komai ba. Da safiyar Asabar Muntaka ya tsaya gaban hafsan da ke jagorantar neman, ya roƙi a tafi da shi. Hafsan, wanda ake kira Manjo Usaini, ya tambaye shi me mai fenti zai gani da matuƙa ba su gani ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, jirgi suke nema, ni kuwa na yi shi ne don kada a ga jirgi. Koren da na sa na gawo ne. A duba inda aka ga kore amma babu inuwar bishiya a ƙarƙashinsa."

Ba su yi minti arba'in a sama ba ya nuna wurin, mil biyu kacal daga gonar mahaifinsa. Da suka sauka suka tarar da Laftanar Basiru a kujerarsa, ƙafafunsa biyu a karye, ƙarfe ya danne su, Allah ya yi masa rasuwa. Likitan da suka zo da shi ya taɓa gawar, ya ɗago ya ce jikin bai gama yin sanyi ba. Jakar kayan neman agaji tana bayan kujera inda hannunsa bai kai ba. A gefen jirgin, iyakar inda hannunsa ya kai, ya kankare fentin da 'yar wuƙarsa domin farin ƙarfe ya haska, kuma wurin da ya kankare bai fi faɗin faifai ba. A takardar da ke ɗaure a cinyarsa ya ja layi bakwai, ya rubuta a ƙasa: "Sun wuce ta kaina sau bakwai. Ina ganinsu."

Waɗanda suka halarta sun shaida cewa Muntaka ya ɗora tafin hannunsa a kan wurin da aka kankare, ya tsaya haka har sai da mutum biyu suka kama shi suka kai shi jirgi. Ya yi kwana tara bai iya cin abinci ba sai ruwan kunu.

Barin aiki

Kwamitin bincike ya wanke shi sarai, har ya yaba ingancin aikinsa a rubuce. Duk da haka ya nemi a sallame shi, aka ba shi ritaya a watan Maris na 1985. Kafin ya koma gida ya je Rimin Gado wurin Malam Hadi, mahaifin matuƙin, ya durƙusa ya bayyana masa ko shi wane ne, da abin da hannunsa ya yi.

Tsohon ya ce, "Ya samu ya yi kalmar shahada?"

Muntaka ya ce, "Baba, ya rubuta ta a bayan takardar, na gani da idona."

Malam Hadi ya ce, "To tashi. Aikinka aka sa ka, ka yi. Kwanansa ne ya ƙare."

Shekarun ƙarshe

Ya zauna a Tsamiyar Kulu yana noman gero da gyaɗa har shekara ashirin da huɗu, yana kuma karantar da manya littattafan fiƙihu bayan la'asar. Bai sake riƙe burushi ba. Ko da aka gina masallacin Juma'a a 1996 aka roƙe shi ya yi fentin, sai ya ɗauki aikin ɗebo ruwa.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Alhamis, 12 ga Maris, 2009, bayan jinyar mako biyu, yana da shekara sittin da uku. An yi masa salla a ƙofar gidansa bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar ƙauyen kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa Hajiya Hure da 'ya'ya biyar: Muhammadu Sani, malamin makaranta a Shanono, Zulaihatu, Asama'u, Uwaisu, wanda ya gaji gonar, da auta Huseina, tare da jikoki goma sha bakwai.

A ranar sadakar uku wani tsoho mai sanda ya zo ta'aziyya, ya ce shi ne Manjo Usaini, ya ba da wannan labari a gaban jama'a. 'Ya'yan ba su taɓa jin labarin ba, domin duk sun tashi ne da sanin cewa bangon bariki mahaifinsu yake yi wa fenti. Muhammadu Sani ya shiga cikin gida, ya tambayi mahaifiyarsa ko ta sani.

Ta ce, "Na sani tun ranar da ya dawo. Ya ce in bar shi a cikina, na bar shi."

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Laftanar Basiru, ya haɗa su a gidan rahama.