Daga Gawon Nan

Ni mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Wana ya san halina, shi ya sa da ya kawo mini ordinatarsa, wato kwamfuta, daga Cadawa ya ce: "Ka sauya mini diski kawai, don Allah kar ka yi mini ƙari."

Tsohon diskin ya fara ƙara. Na kwafe shi yadda yake zuwa sabo, kwana biyu tsakani ya mutu murus. A ciki akwai bidiyo ɗaya tak na Inna, Allah ya ji ƙanta, tana zaga gonarmu tana nuna mana iyaka. Ban da ita, babu wanda ya san iyakar nan sosai.

Sabon diskin yana aiki, sai dai nawa gare shi, ba ya gudu. Da na duba na gane dalili. Tsofaffin diski ƙananan gurabe gare su, sababbi kuwa kowane gurbi ya kai takwas na da. Rabon da na kwafo, wato sashen diskin da komai ke ciki, ya fara daga gurbi na sittin da uku, wanda takwas ba ta raba shi. Duk abin da za a rubuta sai ya hau gurbi biyu, kamar mai zuba tiya ɗaya amma sai ya kwance buhu biyu ya sake ɗaurewa.

Abin ya tsaya mini a rai. In zauna, in tashi, in sake buɗe ta in duba lambar nan.

Na ce: "Yaya, bari in gusa shi kaɗan ya hau daidai."

"Ba ta aiki ne?"

"Tana yi, amma a karkace."

"To, ka bar ta a karkacen."

Ban bari ba. Ba ni da wani diski a shago da zan ajiye kwafi, kuma na ga zuwa Maraɗi sayo wani ɓata lokaci ne. Yana fita kasuwa da hantsi na danna ta fara gusawa.

Gusa rabo sai an kwashe komai an sake shimfiɗawa. Ta yi rabi wutar kuran ta ɗauke. Batirin ordinatar tsoho ne, na sani tun farko. Na leƙa waje, na dawo, na ruga wurin maƙwabci neman injin wuta na tarar ba mai. Na koma shago, ina tsaye a kanta ta mutu.

Kwana uku ina tsintar abin da ya tsira. Hotuna sun dawo da yawa. Bidiyon ma ya buɗe: ga Inna da zanenta shuɗi, ta bi layin gamba, ta ɗaga hannu ta ce, "Daga gawon nan sai ku bi..." Nan ya tsaya.

Wana ya kalla sau biyu. Na so ya zage ni, bai yi ba.

Ya ce: "Yanzu tana gudu?"

Na ce: "Tana gudu, Yaya."

Ya sa ta a jaka ya hau babur.