Baƙin Ɗankwalin Ƙawata

Ni ba na jure surutun banza. Shi ya sa na fice daga gurup ɗin 'yan ajinmu na sakandare. Kullum barka da Juma'a, barka da Lahadi, hotunan furanni. Ko sallama ban yi musu ba.

Bayan shekara guda da 'yan watanni na shiga keke a Sabon Tasha, sai ga wadda muka yi shekara shida a benci ɗaya. Kirista ce 'yar Kudancin Kaduna. A gidanmu na Tudun Wada take cin tuwon sallah, ni kuma in ci shinkafar Kirsimeti a nasu. Yau ga ta da baƙar riga, baƙin ɗankwali, ko ɗankunne babu.

"Ke kuma fa? Lauya kika zama?" na ce ina dariya. Ban jira amsa ba. "Ba ni labarin mutanenmu."

Ta ba ni, murya ƙasa-ƙasa. Wadda ke suma in ta ga jini yanzu nas ce a ɗakin haihuwa. Monitarmu mai rantsuwar sai ta zama likita tana kiwon kaji a Mahuta, 'ya'ya huɗu. Sarauniyar barcin ajinmu kuwa ta shiga soja.

"Soja? Waccan?" Na buga cinya har direba ya waiwayo. "To maigidan fa? Yana nan a garejinsa na Kakuri?"

"Wata biyar ke nan da muka binne shi."

Na sake kallon kayan da ke jikinta.

"An sa a gurup," ta ce. "Kowa ya zo. Har wadda muka yi shekara uku ba ma magana ta taho daga Zariya. Mamana ta yi ta tambaya, ina 'yata ta Tudun Wada? Na ce kin yi tafiya."

"Me ya hana ki kira ni?" Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan.

Ta dube ni. "Ni zan kira ki?"

A Narayi ta sauka. Barnawa za ni, amma na diro na bi ta. Ba ta waiwayo ba, ban kuma san me zan ce ba in ta kore ni. Sai a bakin get ɗin gidansu ta tsaya, hannunta a kan ƙofa.

"In kin durƙusa gaban Mama, ki ce jiya kika dawo."