Zafin da Hannun Yaya Bai Sani Ba

A da, idan aka ce mota ta yi zafi a unguwarmu ta Kilomita Biyar a Bangi, kowa ya san abin da ake nufi: tururi yana fita ta ƙarƙashin kapo, wato murfin injin, direba ya sauko da jarka yana bin gidajen mutane yana roƙon ruwa. Yanzu mota za ta zo lafiya lau, ba tururi, ba ƙauri, amma wata lamba a gaban sitiyari ta tsinka wa mai ita zuciya.

Yayana bakanike ne tun kafin in yi wayo. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya fara ɗora ni a kan babbar mota a hanyar Duwala. Daga nan ni ƙafa ta yi ta ja na: Kano, Njamena, Sabha, Jidda, sai shekaru bakwai a Beljik ina wanke motocin da ake lodawa zuwa Afirka. Shi kuwa bai taɓa wuce iyakar Kamaru ba. Garejinsa na farko a unguwar Miskine yake. A shekarun fitina ya rasa shi da duk abin da ke ciki, ya dawo tsakar gidanmu da 'yan sifanu a buhu. Idonsa ma ya fara raguwa. Abin da ya rage masa shi ne sunan da ya yi: ana cewa in ya ɗora tafin hannunsa a kan tiyon lagireto, ya fi geji faɗin gaskiya.

Akwai wata al'ada ta bakanikenmu da na tarar a duk ƙasar zafi da na zauna. Duk motar da ta fito daga Turai, abu na farko da ake yi mata shi ne a cire termosta. Wani ɗan ƙarfe ne kamar murfin kwalba da ke tare ruwa, ba ya barinsa ya zaga zuwa lagireto sai injin ya yi ɗumi. Bakaniken Kano ya cire, na Njamena ya cire, na Sabha ya cire har ya yi maka rantsuwa da Larabci. Hujjarsu ɗaya ce, wai an yi shi ne don ƙasar ƙanƙara. Yaya yana da gwangwanin madara babba cike da su.

Wata Juma'a bayan mun sauko daga Masallacin Koudoukou, muna zaune a kan benci da dattawan layinmu, sai ga wata jar mota ta shigo tana gurnani, gajeriya kamar an danne ta da hannu, kujera biyu kacal. Mai ita ɗan wani aminin Yaya ne da ya rasu, yana sarin atamfa a kasuwa, ya haura arba'in. A kan babbar mota aka ɗauko masa ita daga Duwala, don da ƙafarta ba za ta iso ba. Ya fito yana share gumi.

"Baba, motar nan za ta ƙone. A cunkoson bakin kasuwa na ga zafinta ya kai ɗari da biyar."

"Kai ma da neman magana," in ji wani dattijo. "Motar da kwatar layinmu ta fi ta tsawo?"

Yaya ya sa aka buɗe injin. Ya ɗora hannu a kan tiyo, ya janye da sauri, ya girgiza kai.

"Zazzaɓi ne. Bar ta nan, gobe ka zo."

Na san ba zazzaɓi ba ne. A Beljik na sha jan irin waɗannan motoci daga wurin wanki zuwa wurin lodi. Manyan motocin da muka taso a kansu tamanin ne lafiyarsu, in allura ta haura casa'in sai ka nemi inuwa. Waɗannan kuwa tsakanin casa'in da ɗari da ɗoriya suke zama, baƙin mansu ma ya fi haka zafi, kuma a nan suke jin daɗin aiki. Ruwansu a matse yake a rufe, ba ya tafasa a ɗari. Duk wannan yana bakina. Amma a gidanmu ƙane ba ya gyara wa wa magana a gaban mutane, ko da furfura ta rufe su duka biyun. 

Sai da muka zauna cin tuwon rogo mu biyu na ce, "Yaya, irin motar nan da zafinta aka ƙera ta."

"Can inda ka sha sanyi, i. Nan Bangi ce."

"Injin bai san sunan gari ba, Yaya."

"Ni na koya maka riƙe sifana ko kai ka koya mini?"

Na ce shi ne. Washegari termostan ya shiga gwangwani.

Bayan kwana takwas mai motar ya dawo, fuskarsa ba walwala. Lambar ta sauka kam, a kan hanya da kyar take kai saba'in. Amma wata fitila ruwan lemo ta kama a gabansa ta ƙi mutuwa, motar tana shan mai kamar an huda tankin, bakin salansa ya yi baƙi, kuma ba ta tashi yadda ta saba. Cikin ladabi ya ce zai kai ta wani gareji a cikin gari inda suke jona mota da kwamfuta.

Na san abin da zai biyo baya. Za su buɗe, su ga ramin termosta wayam, su tambayi wanda ya yi aikin. Kafin la'asar maganar ta zaga kasuwa daga 'yan atamfa har 'yan waya, cewa tsoho ya tsufa. Na ja mai motar gefe na ce, "Ɗana, ba ni makullin zuwa gobe da azahar." Ya dube ni, ya miƙo.

Da safe na shiga wurin matar Yaya na ce ta ara mini tukunya da kurfoti. Haifaffiyar Miskine ce, Hausarta rabi yaren Sango ce, kuma tun tana amarya ba ta raga mini.

"Ɗan Turai, yau kai za ka yi mana girki? Me za a dafa?"

"Ƙarfe."

"Dama na san abin da suka ciyar da kai ke nan."

Na ɗora ruwa. Na zazzage gwangwanin na ɗauko termosta biyu, ɗaya na tsohuwar babbar mota, ɗaya na jar motar. Na ɗaura kowanne da waya na zura su a tukunya. Wannan gwajin Yaya ne ya koya mini shi ina saurayi, don haka da ya fito ya gani bai tambayi komai ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya matso da fuskarsa saboda idon.

Ruwa ya fara 'yan ƙananan kumfa a gindin tukunya, na babbar motar ya buɗe baki. Ɗayan yana nan a rufe.

"Ka gani? Ya mutu," in ji Yaya.

"Mu ɗan jira."

Muka jira. Matarsa ta ƙara gawayi tana mita. Sai da ruwan ya soma juyawa, gab da tafasa, sannan ɗan ƙarfen ya motsa, ya buɗe a hankali har ƙarshe. Yaya ya ciro shi da wayar, ya riƙe a iska yana kallo har ya rufe. Ya sake tsoma shi. Ya sake buɗewa daidai inda ya buɗe da farko. Sau uku ya yi haka.

"Ba lalacewa ya yi ba," ya ce, ba da ni yake ba. "Da gangan suka sa shi ya jira."

Da hannunsa ya mayar da shi. Ya ciro buji, wato fulogi, ɗaya bayan ɗaya, duk sun yi baƙi ƙirin, ya goge su. Ni dai ina miƙa masa sifana. Da ya gama ya ce in tuƙa, yana so ya gani da idonsa.

Shigarmu motar ma aiki ne. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu. "Yeke yeke, a hankali, tsofaffi. In kun shiga wa zai ciro ku?"

Na bi a hankali har baƙin man ya yi ɗumi, don irin wannan mota ba a taka ta da sanyin jiki. Muka faɗa cunkoson bakin kasuwa, 'yan baro da babura sun rufe ko'ina. Yaya ba ya iya karanta lambar, ni nake faɗa masa.

"Casa'in da biyar."

Ya gyara zama.

"Ɗari."

"Tsaya a gefe."

"Yaya, ka ba ta minti ɗaya."

"Motar marayan mutane ce, ka sani ko?"

Marayan da ya kusa aurar da 'ya. Ban yi dariya ba, don na ga ya damƙe marfin ƙofa. A ɗari da huɗu sai muka ji fanka ta tashi da kanta, wani huci mai ƙarfi. Na ci gaba da karanta masa: ɗari da biyu, ɗari, casa'in da takwas. Ya saki ƙofar. Da muka fita hanyar Boali na taka ta sosai, ta zauna a casa'in da 'yan kai ba ta gusa ba. Da muka tsaya muka sake tayar da ita, fitilar nan ba ta dawo ba. Yaya ya sauke gilashi, iska tana kaɗa masa gemu. Can ya ce, "Shekara hamsin ina cire abin nan."

Na ce, "A motocin da, bai yi wata ɓarna da ta fito fili ba."

"Kada ka lallashe ni. Tuƙa."

A hanyar dawowa na shirya abin da zan gaya wa mai motar: buji ne suka yi datti, an goge. Ba ƙarya ba ce, kuma ta isa. Muka tarar da shi a kan benci tare da dattawan. Sai da mutum biyu suka kama Yaya ya fito. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Ɗana, motarka lafiyarta ƙalau tun ranar farko. Ni na cire mata abin da bai kamata ba, yau na mayar. In ka ga ɗari da biyar a cunkoso, kada ka tsorata, saurari fanka. In fanka ba ta tashi ba, ko ta haura haka tana ci gaba, to kashe ta ka kira ni." Ya nuna ni da haɓa. "Wannan ya sani tun ranar Juma'ar, kunyata ta hana shi faɗa."

 Mai motar ya durƙusa ya karɓi makullin da hannu biyu. "Singila, na gode, Baba. Ranar Litinin ƙanena zai kawo tasa."

Dattijon nan mai tsokana ya ce, "Ita ma mai rarrafe ce?"

Aka yi dariya, har da Yaya.

Tun daga ranar ba a sake cire wa wata mota termosta a gidanmu ba. Kuma duk sabuwar motar da ta shigo, Yaya ba ya taɓa ta sai ya aika an kira ni, a gaban kowa ya tambaye ni nawa ne zafinta na lafiya.