Farar Rigar da Aka Sa wa Bula

Gara in amsa laifina tun da wuri, don idan wani a gidanmu ya riga ni ba da labarin, sai ya ƙara masa gishiri har da yaji. Abu ɗaya tak aka ce kada in taɓa a jikin kyamarar bidiyo, ni kuwa da shi na fara.

Kakana, mahaifin Babanmu, wanda duk gida muke kira Tsoho, ya yi jinya ta wata biyu a farkon daminar bara. Ya rame har hularsa ta fara sauko masa kan kunne. Mun ɓoye wa ƙanen Baba, wato Baba Ƙarami, domin yana Sudan yana karatun likita, saura mako uku ya zauna jarrabawar ƙarshe. Amma a unguwarmu Nasarawa Gwom ba a ɓoye magana, ko atishawa ka yi a ɗaki sai an yi maka sannu daga bakin titi. Wani ya tsegunta masa. Baba Ƙarami ya bugo waya ya ce muryar Tsoho ba ta yi masa ba, idan bai gan shi da idonsa ba zai ajiye biro ya taho gida, ko da zai maimaita shekara.

Tsoho ya sayar da gonarsa ta Kuru saboda karatun nan, don haka da ya ji batun ajiye biro sai da ya tashi zaune ba wanda ya taimaka masa. Shi ya kawo dabarar kaset. Wani abokin karatun Baba Ƙarami ya zo Jos ganin gida, washegari da safe zai hau mota zuwa Kano ya bi jirgi. A ɗauki Tsoho a bidiyo yana tafiya da ƙafarsa, yana magana da ƙarfinsa, a ba abokin ya kai. Wayoyin gidanmu kuwa ban da kira da tocila ba abin da suka iya.

Kyamarar ta maƙwabcinmu ce, wani Ibo mai shagon gyaran rediyo da talabijin a wajen kasuwar Terminus. Oga muke ce masa. Da ita yake ɗaukar bikin cocinsu, yana riƙe ta kamar jinjiri. Da safe kafin ya fita kasuwa ya kawo ta, kuma da yake na sha cika baki a unguwa cewa babu na'urar da ta gagare ni, ni aka damƙa wa. Ya nuna mini jan maɓallin ɗauka, ya nuna mini wani ɗan makunni da ke kan alamar kore, ya ce in bar shi a nan, kyamara za ta yi komai da kanta. Ya faɗa sau uku. Na amsa sau uku, har da gyaɗa kai irin na manya.

Matsalar ita ce na taɓa ganin masu ɗaukar bidiyon biki. Kafin su fara, sai su sa wani ya riƙe farin ƙyalle a gaban kyamara, su danna wani abu, su ɗan ɗaure fuska kamar masu duba mara lafiya. Wannan ɗaure fuskar ita na daɗe ina sha'awa. Ina ganin Oga ya sha kwana na ture makunnin daga kore, na shiga cikin rubuce-rubucen Turancin da ke ɗan allon gefe, na yi ta laluben hanya har na gano inda ake nuna wa kyamara fari.

Farin abu kuwa ba sai na nema ba. Tun jiya Mama ta wanke babbar rigar Tsoho ta zuwa idi, ta tsoma ta a ruwan bula kamar yadda take yi wa kowane farin kaya a gidan, ta sa sitaci, ta goge ta har tana iya tsayuwa ba mutum a ciki. An yi wa Tsoho aski, an gyara masa gemu, ya sa kwalli, har turare ya shafa, kamar kaset yana ɗaukar ƙamshi. Na matsa kusa, na cika allon da ƙirjin rigarsa, na danna, na ɗaure fuska.

Tsoho ya ce, “Kai ja'iri, zuciyata kake aunawa ko hoto za ka ɗauka?”

Na ce masa aikin ƙwararru ne, ya bari kawai. Ya ce ƙwararren da har yanzu uwarsa ke tashinsa sallar asuba da ruwan sanyi.

Da na ja da baya na duba ɗan allon, sai na ga fuskarsa ta yi wani rawaya-rawaya. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na yanke hukunci cewa allon ne ya tsufa. Na sake shiga cikin Turancin, na sami inda ake rage kalar allon da inda ake ƙara masa haske, na yi ta ragewa ina ƙarawa har rawayar ta dusashe, fuskar ta koma daidai a idona. Na yaba wa kaina ƙwarai. Har na fara tunanin sunan da zan sa wa shagona.

Tsoho ya kori kowa daga gaban kyamara. Ba ya son a ga ko yatsan wani kusa da shi, kada ɗansa ya ce riƙe shi ake yi. An saki labulen ɗakinsa mai ruwan ƙasa a bayansa, aka ajiye kujera taku biyar daga ƙofa. Ya miƙa wa Baba sandarsa. Na danna jan maɓalli.

Ya yi takun nan biyar, kansa a sama. Ni da nake kusa ina jin yadda numfashinsa ke fita, amma fuskarsa ba ta nuna ba. Ya zauna, ya gyara hannun riga, ya kalli kyamara kamar ɗansa ne zaune a gabansa. Ya gaishe shi, ya ba shi labarin ruwan sama da tsadar dankali, ya yi dariya sau biyu da gangan don a ga haƙoransa. Sannan ya nuna allon da yatsa.

“Ka gan ni dai garau. Zauna ka yi abin da ya kai ka. Idan ka dawo mini gida ba takarda, a zaure za ka kwana.”

Minti goma sha ɗaya aka yi. Ina kashewa ya sulale a kujerar, Baba da Mama suka ɗauke shi cak zuwa gado, gumi ya jiƙa rigar duk da sanyin da ake yi. Ƙarfin da ya tara na mako guda ya ƙare a takun nan biyar.

Sai bayan azahar aka kawo wuta. Na haɗa wayar kyamara da talabijin ɗin falo, na zauna na harɗe ƙafa ina jiran yabo. Hoton ya fito. Rigar Tsoho fara tas, kamar audugar da aka cire yanzu. Amma mutumin da ke cikinta ya zama nunanniyar gwanda. Goshinsa rawaya, tafin hannunsa rawaya, haƙoran da ya yi ta nunawa kamar ya shekara yana tauna kurkur. Farin idonsa kuwa gwaiduwar ƙwai sak. Ko ni da na faɗi jarrabawar kimiyya sau biyu, kallo ɗaya na yi na ce wannan ciwon shawara ne ya ci ƙarfinsa. To ina ga wanda ya shekara shida yana karanta ido da hanta?

Mama ta sa hannu ta rufe baki. Na rarrafa gaban talabijin na kama murɗe-murɗe. Na rage kala, Tsoho ya koma ruwan toka. Na ƙara, ya koma manja. Na kashe kalar gaba ɗaya, ya fito baƙi da fari, kyakkyawa kamar hoton zamanin Turawa. Na juyo da murna na ce ga shi an gyara.

Baba ya ce, “Talabijin ɗin za ka ba abokin nasa ya tafi da ita Sudan?”

Na ɗauki kyamara na sa a leda na cusa cikin riga, na hau acaɓa zuwa Terminus ana yayyafi. Oga yana cin dafaffiyar masara a bakin shagonsa. Ya haɗa kyamarar da wata talabijin da aka kawo gyara, ya kalla na ɗan lokaci, ya ajiye masarar. Bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni me na nuna mata na ce fari ne. Na ce rigar Tsoho, ai duk Jos babu abin da ya fi ta fari.

Ya yage takarda daga littafin rasit ɗinsa, ya juya bayanta ya ɗora a kan hannun farar rigar da ke jikina, wadda ita ma ta bi ta bokitin Mama. Kusa da takardar, rigata shuɗiya ce kamar sararin sama bayan an ɗauke ruwa. Shekara goma sha shida ina yawo cikin shuɗin kaya ina ce musu farare.

Ya yi mini bayani da Hausarsa ta kasuwa. Kyamara ba ta san fari ba, duk abin da ka rantse mata cewa fari ne sai ta yarda. Na nuna mata shuɗi, ita kuma ta bi duk abin da ke ɗakin tana cire masa shuɗi don rigar ta fito fara, abin da ya rage shi ne rawaya. Da na ba shi labarin yadda na gyara ɗan allon, sai ya dafe kai.

“Abokina, allo yana gaya maka gaskiya, kai ka rufe masa baki. Wannan na kallo ne kawai. Abin da ya shiga kaset ya shiga.”

Na tambaye shi ko akwai maɓallin da zai mayar. Babu. Akwai wani mai kwamfuta a layin baya da yake iya wanke kala, muka je tare, yaransa suka ce ya tafi ɗaukar biki a Bukuru sai jibi, kuma ko yana nan aikin kwana uku ne. Na tsaya a bakin shagon ina kallon masu tallan lema suna wucewa. Na yi tunanin in hau motar Legas kawai in fara sabuwar rayuwa, sai na tuna kuɗin acaɓar komawa ma Oga ne zai ba ni.

Ya mayar da makunnin kan kore, ya mayar da allon yadda yake, ya ce in ruga in sake ɗauka kafin rana ta faɗi.

Na samu Tsoho a kwance, an lulluɓe shi da bargo biyu. Baba ya ce masa wai ana son a ƙara ɗan wani abu a kaset ɗin. Ya yi ƙoƙari, wallahi ya yi. Muka jingina shi da matashi, aka sa masa hula, na danna. Wannan karon kyamara ta faɗi gaskiya tsantsa. Idonsa fari, amma ya faɗa ciki. Leɓensa a bushe, kansa yana rinjaya gefe, kalma uku sai ya tsaya neman numfashi. Minti ɗaya ban cika ba Baba ya sa tafin hannu ya rufe gilashin.

Muka koma falo muka kalli biyun a jere. A na farko ga mutum mai ƙarfi da idon mai ciwon hanta. A na biyu ga mai lafiyayyen ido da ba ya iya riƙe kansa. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a goge na biyun.

Da na shiga mayar wa Tsoho da sandarsa, sai ya buɗe ido ɗaya ya tambaye ni ko ya fito da kyau. Na ce ya fi ango. Ya ce ya sani, tun yana saurayi hoto ke ƙaunarsa. Na fita da sauri.

Na rubuta takarda na naɗe kaset ɗin da ita. Na yi bayanin bula, na zana kyamara da kibiya, na roƙi Baba Ƙarami ya kashe kalar talabijin kafin ya kalla, na sa hannu har wuri biyu. Da safe abokin nasa ya zo karɓa. Tsoho ya hana a shigo da shi, don kada ya gan shi a kwance ya kai labari, sai a ƙofar gida na tare shi na sake maimaita masa komai. Yana ta duba agogo yana cewa to, to.

Kwana huɗu bayan nan waya ta yi ƙara. Ina jin muryar Baba Ƙarami tun daga inda nake, yana tambayar Baba launin fitsarin Tsoho, da ko cikinsa ya kumbura, da tun yaushe idon ya koma haka. Baba ya yi ta rantsuwa, daga baya ya miƙo mini wayar ya ce in yi bayanin aikina da bakina. Na fara tun daga bokitin Mama. Baba Ƙarami ya bar ni na kai ƙarshe.

Ya ce, “Idan kyamara ce ta ɓata kala, me ya sa rigar ta fito fara?”

Na ce ai wannan shi ne ainihin abin da nake faɗa, rigar ce ta jawo. Na sake farawa, na kawo takardar rasit, na kawo hannun rigata, ni kaina ina jin yadda maganar ke kama da ƙaryar da aka kwana ana shiryawa.

A hankali ya ce, “Yaya ne ya koya maka wannan, ko? Ba shi wayar.”

Ranar Juma'a ya iso Jos, saura kwana goma sha biyu jarrabawarsa. Ko jaka bai ajiye ba ya wuce ɗakin Tsoho, ya ja fatar idonsa ƙasa ya duba a hasken taga, ya tarar da shi fari, amma ya ga yadda ciwo ya ci jikinsa. Ya zauna ya yi jinyarsa har ƙarshen damina, Tsoho ya miƙe. Baba Ƙarami bai zauna jarrabawar ba, yanzu haka yana Sudan yana maimaita shekarar.