Kofi Mai Jan Zare

Jama'a, yau a gaban idona mai gidanmu Alhaji ya sha shayi da kofi mai jan zare!

A wani babban shagon atamfa nake aiki a nan Garwa. Tun da aka ɗauki Madam Rahila aiki, Kirista 'yar garin Mokolo, Alhaji ya sa aka ɗaura wa kofinta jan zare, wai kada ya gauraya da namu. Mu muna shan shayi a kan tabarma, ita tana bakin ƙofa. Ashe abin yana cin ta, har ta rame. Daga ƙarshe ta kai ƙara wurin sufeton ƙwadago.

Da aka zauna sulhu, sufeto ya ce a biya ta diyyar ɓacin rai. Alhaji ya amince.

Sai ta ce, "Baba Alhaji, da saura. Ina so ka sha shayi da kofina."

Ya ce, "In na sha, kin yafe diyyar?"

Ta ce, "A'a Baba, diyya hukuncin sufeto ce. Shayin ne nawa."

Yau da safe ta zuba masa da hannunta. Ya jujjuya kofin, ya yi bisimilla, ya kurɓa. Can sai ya ce, "'Yata, sukari bai ji ba." Muka fashe da dariya, ita ma tana dariya tana share hawaye.

Na ce a kwance zaren, ta hana. Wai yanzu kofin manyan baƙi ne.

Ku fa, a wurin aikinku wa ke shan shayi a bakin ƙofa?