Jirgin Sule Ɗan Fito

Mutanen Tudun Dudu ba su zaɓi zama kan tudu ba, ruwa ne ya koro su. Da can garinsu a bakin Kwara yake. Da aka datse kogin a Kainji, tafki ya haɗiye gidajen, aka kwashe su aka jibge kan wani tudu mai duwatsu, inda sai ka gangara tafiyar rabin sa'a kafin ka jiƙa ƙafa. Masunta ne fa, aka bar su da koyon hawa.

Shekara goma sha biyar Sule ɗan fito shi ne hanyar garin. Gishiri, kananzir, amarya, labarin rasuwa, duk a jirginsa suke shigowa daga Warra. Jirgin sassaƙen maɗaci ne, itace guda, gadon ubansa, kuma ba za a sake yin irinsa ba, don manyan itatuwan yankin suna ƙarƙashin tafki. Sule ba shi da gona, ba ya jefa taru. In babu jirgin nan, babu abin da zai tashi da safe ya yi.

Can a zamanin da ake zuwa Sakkwato neman komai na gwamnati, aka share wa garin hanyar burji. Garba direba ya fara zuwa da akori-kura ranar kasuwa, mutane suka ruɗe kamar ba su taɓa ganin taya ba. Sule bai damu ba. Da damina wani kwazazzabo yakan yanke hanyar, sai a dawo masa ana sosa ƙeya.

Sai matarsa Hajara ta kwanta ciwo da sanyin wata shekara. Aka ce sai asibiti a Yelwa, kuma motar Garba ta fi sauri. Kafin su tafi Sule ya gangara ya yi abin da ubansa ya koya masa: ya loda wa jirgin duwatsu ya nutsar da shi a gefe, don kada rana ta tsaga itacen. Ya duba ruwan, ya ce lokacin cikowa ne, gaba zai yi ba baya ba. Lissafin tsohon kogi ke nan. Ya fi kowa sanin cewa ruwan yanzu yana da masu buɗe shi da rufe shi, amma ran nan hankalinsa na kan Hajara.

Wata uku suka yi. Can ta rasu, can aka rufe ta.

Da ya dawo ya karɓi gaisuwa kwana uku, yana amsawa da baki kawai. Ran na huɗu ya gangara. Ruwan ya ja baya har sai ka ɗora hannu a goshi kafin ka hango shi. Jirgin na kwance kan busasshen laka, duwatsun na ciki, ya tsage tun daga kai har gindi. Sule ya zura hannu cikin tsagar, hannun ya wuce. Ya tsaya yana jiran kuka ya zo, ko fushi. Ba abin da ya zo. Ya kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya ya jera su gefe, shi kansa bai san dalili ba, ya hau tudu ya koma gida.

Da ruwan farko ya sauka, Garba ya zo ya durƙusa a ƙofar gidan Sule, ya daɗe yana juya hula a hannu.

"Baba, kwazazzabon ga ya fara ci. Na ce ko... itacen jirgin ga naka, tunda ya rabu biyu. Kowace taya da nata."

"Ɗauka," in ji Sule.

"Baba, in ba ka so..."

"Mi zan yi da shi? Ɗauka."

Maza goma sha biyu suka hauro da shi, suka kifa ɓarin biyu kan kwazazzabon. Ranar kasuwa Sule ya bi mutane ya tsaya a gefe. Motar ta hau a hankali, cike da buhunan busasshen kifi da mata, itacen ya yi ƙara amma bai karye ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Wani ya juyo yana murna ya ce, "Baba Sule, bana ko da damina ba mu wahalshe ka!"

Sule ya ce, "Haka ne."