Inci Huɗu a Motar Baba

Shekara talatin da shida Baba ya yi yana tuƙa mota ɗaya tak, wata a-kori-kura da aka ce fara ce lokacin da ya saye ta. Ni dai da na yi wayo, kalar tsohon haƙori na same ta. Da ita ya yi dakon bulo da katako da buhunan siminti, da ita ya kwashe kayan rabin mutanen layinmu duk sa'ad da za su tashi daga gidan haya. Ba ya ba kowa makullinta. Inna, mahaifiyarmu, in ta ga ya fito da tsumma da sassafe yana goge gilashi, cewa take yi, "To, an fara yi wa gimbiya wanka." Shi kuwa ko kai ba ya ɗagowa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba. Ni kuma Allah ya yi ni zanƙalele, shi ya sa tun ina ƙarami Dogo yake kirana. Shigarsa mota ma abin kallo ce: ya kama ƙofa, ya tsaya a kan ƙafar hagu, ya jefa ta dama ciki, kafin ka ƙifta ido yana zaune. Da shekaru suka ja sai ya rage dako, amma bai rage fita ba. Kullum da safe yana tashar 'yan dako tare da tsofaffin abokansa, a samu kaya marar nauyi ya ɗauka, a rasa a yi hira. Da yamma ya wuce ɗan lambunsa a bayan gari. Rayuwarsa ke nan, kuma ta ishe shi.

Ni bakanike ne, amma ba ni da gareji. A ƙofar gida nake aiki, ƙarƙashin rumfar kwano. A shekarar da nake ba ku labari, samari masu a-kori-kura suka shiga yayin ɗaga mota, kowa yana so tasa ta yi tsayi ta riƙa kallon sauran motoci daga sama. Aikin ba sihiri ba ne. A cire tsofaffin sifirin a sa waɗanda suka fi su tsayi, a canja shok da kusoshin da ke riƙe su, a tabbatar tiyon birki ya kai. Na san zan iya. Matsalar ita ce babu mai ba ka motarsa ka koyi aiki a kanta.

Sai hanyar lambu ta cire wa motar Baba salansar hayaƙi, karo na biyu a damina ɗaya. Ina ɗaure ta na ce, "Baba, a bar ni in ɗaga ta kaɗan mana. Ramukan nan za su cinye mata ciki."

Ya ce, "Nawa ne kaɗan ɗin?"

"Inci huɗu."

Ya buɗe tsakanin babban yatsansa da manuni, ya ƙura wa ratar ido. "Iya wannan?"

"Iya wannan, Baba."

Ya zura hannu a aljihu ya miƙo min makulli. Wallahi ban taɓa riƙe makullin nan ba sai ranar. Abin da na faɗa game da ramuka gaskiya ne, amma ba shi ne a raina ba. Motar gwaji nake nema. Kuma ban gaya masa cewa tayoyin da zan sa za su ƙara wani inci biyu ba.

Baba yana da wata ƙa'ida da ya sha gaya min tun ina koyon aiki: duk abin da ka cire daga motar mutum, ka ajiye shi har mai motar ya yi wata guda da sabon. Ni kuwa ɗoki ya ɗebe ni. Tsofaffin kusoshin sun ci tsatsa, na sa injin yanka na datse su. Sifirin ɗin kuma suka tare min wuri a rumfa, mai gwangwan yana wucewa na ce ya kwashe. Ko mako ba su yi a ƙasa ba.

Kwana uku na yi a ƙarƙashin motar nan. Babu abin da ban auna ba. Na auna kusurwa huɗu daga ƙasa zuwa bodi, na auna tiyon birki, na saita fitilu don kada su kashe wa masu tahowa ido. Da na gama na buɗe ƙofa na haye, ban ji komai ba, tunda ƙafata kamar sandar gora take. Ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa mai motar ya haura saba'in, kuma gwiwarsa ta hagu, wadda yake tsayawa a kanta in zai shiga, ita ce ta yi shekara talatin da shida tana taka kuloci.

Baba ya fito ya zagaya ta a hankali, hannu a baya. Maƙwabta sun taru. Ya ce, "Ta yi kyau." Ya kama ƙofa ya yunƙura, ƙafar ba ta kai ba. Aka yi dariya, shi ma ya yi. A karo na biyu ya ja kansa da sitiyari ya shiga. Mako ɗaya ya yi yana fita da ita. Daga nan sai uzuri ya fara: yau mura, gobe rana ta yi zafi, jibi a bar ta ta huta, ai ta sha wuya.

To motar tana ajiye a ƙofar gida, ta yi tsaye ƙerere a kan sababbin tayoyi. Duk wanda ya wuce sai ya waiwaya. Samari suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto, suna tambayar wa ya yi aikin. A watan farko mota uku aka kawo min. Kafin a ce me, rumfata ba ta rabuwa da mota a kan jak, ni kuma kaina ya yi girma.

Wata safiya na fito da wuri zan ɗauki sifana, sai na hango Baba ta ratar ƙyaure. Ya ɗora bulo biyu kusa da ƙofar motar, yana waige-waige ko akwai mai kallo. Ya taka, ya kama ƙofa, bulon sama ya goce, ya zube a kan gwiwarsa. Bai yi ƙara ba. Ya daɗe a durƙushe yana riƙe da murfin ƙofa. Sannan ya miƙe, ya mayar da bulon ɗaya bayan ɗaya inda ya ɗauko su, ya dawo ya share sawunsu da takalminsa. Ina tsaye ina kallo. Ban fita ba. Na ce wa kaina in na fita zai ji kunya, na koma ɗaki a hankali.

Ranar da yamma Inna ta same ni ina wanke hannu. Ta ce, "Dogo, ka sauke motar nan."

Na ce, "Shi ya ce?"

Ta yi min wani kallo. "Tunda aka haife ka, ka taɓa jin ubanka ya ce?"

Maimakon in yi abin da ta ce, sai na nemi hanya mai sauƙi. Na je na ce wa Baba zan sa mai walda ya liƙa mata ɗan mataki a gefe. Ya ce, "Mataki? Na masu ciki ne da tsofaffi. Wanne ne ni a ciki?" Na yi dariya, ya yi dariya, na kama wannan dariyar na mai da ita hujja. Duk lokacin da Inna ta sake tayar da maganar ina da amsa a baki. Tsofaffin sifirin sun tafi, irinsu wuyar samu gare su. Bari in gama motar da ke hannuna. Bari ruwa ya ɗauke. Har faɗa na yi mata wata rana, na ce ita ba ta san aikin mota ba. Astagfirullah! Ta san abin da ni ma na sani sarai: in na sauke motar nan, na sauke allon tallata.

Wata bakwai aka yi a haka. Baba ya koma zaman benci a ƙofar gida, daf da motarsa. Yana goge ta kullum, iya inda hannunsa ya kai. In samari suka tsaya suna tambaya, shi ne mai ba su amsa, yana nuna rumfata: "Ɗana ne ya yi. Ga shi can, ku je." Ina ƙarƙashin motar wani ina jinsa, sai in ƙara buga guduma don kada in ji sauran. Abokansa na tasha suka zo gaishe shi sau ɗaya, sau biyu, daga nan ƙafa ta ɗauke, su ma ba yara ba ne. Lambu kuwa ciyawa ta cinye shi.

Abin da ya tashe ni tsaye rasuwa ce. Babban amininsa a tasha, wanda suka fara dako tare, ya kwanta ciwo ya rasu, Baba bai ji ba sai bayan kwana uku, a bakin wani mai keke. Bai yi wa kowa faɗa ba. Yana zaune a bencinsa ya ce, kamar da kansa yake magana, "Da ina zuwa, ai da na ji." Ranar ban iya haɗa ido da shi ba.

Washegari na rufe rumfa na shiga yawon wuraren 'yan gwangwan. Abin da na yi wata bakwai ina cewa ba ya samuwa, kwana biyu kacal na yi na same shi. Wannan ma sai da ya ƙona min rai. Na yi yini guda na sauke ta, na mayar da ƙananan tayoyi, na wanke ta tas. Washegari da hantsi na shiga na ce, "Baba, a fito a gani."

Ya fito ya tsaya. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Ya kama ƙofa, ya jefa ƙafa, sai ga shi zaune, kamar dā. Ya shafa sitiyari, ya gyara madubi. Na daɗe ban ga fuskarsa haka ba. Inna tana bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi.

Ya murza makulli, ta tashi. Ya ɗora ƙafar hagu a kan kuloci ya taka. Kulocin tsohuwar mota tauri gare shi, sai ƙafar da ta saba da shi kullum. Ya tafi rabi ya tsaya, ƙafar ta kama rawa, giya ta yi ƙara ƙarrr. Ya saki, ya numfasa, ya sake. Har sau uku. A na ukun ya sa hannu yana danna gwiwar, gumi ya keto masa a goshi.

Na ce, "Baba, kulocin ne, bari in sassauta shi. Minti goma."

Ya ce, "Kulocin lafiyarsa ƙalau, Dogo."

Ya kashe ta. Sannan ya ja jikinsa a kan kujera har ya koma ɗaya gefen, wurin da ban taɓa ganinsa ba a rayuwata. Ya ce, "Zagayo ka kai ni tasha."

Na shiga na tuƙa. Bai gyara min tuƙi ba, titi kawai yake kallo. So nake in ce ya yafe min, amma na ci gaba da tuƙi. Muna kusa da kwanar tasha ya taɓa hannuna.

"Tsaya nan," ya ce. "Zan ƙarasa da ƙafa. Kada su gan ni a wannan gefen."